Ganyen Dawar Riruwai

Mun tashi da asuba daga Kano, ko shayi ba mu sha ba. Mu huɗu ne, ɗaliban aji uku a jami'a, sai malaminmu a gaban mota. Ya ce ya zaɓo mu ne mu shiga binciken ƙwayoyin gadon dawa, wato abin da ke sa iri ya ɗauko halin iyayensa. Murna kamar an ba mu kujerar Makka.

A Bagauda muka karya da soyayyen kifi, ƙaya ta fi tsoka yawa. Daga nan muka bi gonakin Bebeji da Kiru, muna tsinkar ganye, muna zubawa a 'yan robobi, muna rubuta lamba. A Tudun Wada muka kwana. Washegari a hanyar Falgore, ramuka suka sa akwatin ƙanƙarar adana ganyen da na rungume ya kusa fasa min haɓa.

A Riruwai aka kai mu wurin wani dattijo mai farar dawar da ciyawar wuta-wuta ba ta iya kashewa. Irin kakansa ne. Malam ya tsaya a inuwa yana waya, ni na durƙusa na yi gaisuwa.

"Baba, ganye kaɗan muke roƙo."

Ya ce, "'Yata, wasu sun zo kafin ku. Sun ɗiba, ko ƙeyarsu ban sake gani ba. In kun gano sirrinta, za ki dawo ki faɗa min?"

Na ce, "Da ƙafata, Baba, in sha Allahu."

Ya shiga gonar da kansa, ya zaɓo mana ganyen da ya fi lafiya.

A hanyar dawowa na tambayi Malam yaushe za mu shiga ɗakin gwaji. Bai ko waiwayo ba ya ce gobe za a tura akwatin ƙasar waje, can injin gwajin yake, kuma sakamakon zai zauna a hannun mutanen can. Namu aikin ya ƙare. Na ce sunayenmu fa? Ya ce ɗan aji uku ba ya shiga takardar bincike. Na ce dattijon fa?

Ya ce, "Wane dattijo?"

Da la'asar sakaliya muka iso gida. Na gane ba don ƙwaƙwalwarmu aka ɗauke mu ba, sai don dako da iya gaisuwa. Gajiyar dako ta wuce cikin kwana biyu. Abin da ya ƙi wucewa shi ne, da bakina aka yi wa tsohon nan ƙarya.