Ƙwan Awatif

Da tsawa na fara jin sunanta. Ina shekara shida na kai hannu kan kwanon zuma, Kaka ta ce, "Kul! Wannan ƙwan Awatif ne!" Na leƙa, ban ga ƙwai ba. A gidanmu na Mansura duk abin da ba a taɓawa haka ake kiransa, kuma da na girma sai da na bi mutanen gida ɗaya-ɗaya na haɗa dalilin.

Gwaggo Awatif ƙanwar babana ce. Shekara ashirin tana wanke kwalabe a ɗakin bincike, inda ake huda 'yar taga a jikin ƙwai a kalli ɗan tsako tun yana kamar tsutsa. Ita ta bayyana mini aikin, tana rawa da yatsu. Zaren jijiya, in ji ta, kansa kamar hannun makaho ne, yana lalube yana shinshina. Wani sinadari a jiki ya ce masa "zo nan", wani ya ce "kauce", da haka yake gane hanya tun daga laka har fiffike.

A shekara ta ashirin da ɗaya Dakta, shugabar ɗakin, ta ce mata, "Hannunki ya fi nawa natsuwa, ke za ki sa." Ta ɗauki ƙwayoyi da ba su kai yashi ba, jiƙe da sinadarin "zo nan", ta dasa a ƙwai goma sha huɗu, ta liƙe tagogin. In jijiyoyin sun karkata wajen ƙwayar, ta bar wanki ke nan. Sharaɗin ɗaya ne: kwana biyu kada ƙwan su huce.

Ranar jajiberin Shammun Nasim, bikinmu na bazara da ake rina ƙwai, injin ɗumamawa ya lalace. Ta kwaso ƙwan gida cikin kwali da auduga da ƙwan lantarki. Washegari da hantsi, an baje kifin gishiri da albasa, Kaka ta gama rina dafaffen ƙwai da ɓawon albasa, sai wuta ta ɗauke.

"Wayyo 'ya'yana!" in ji Gwaggo.

"Kawo, in kai wa kazata a soro," in ji Kaka.

"Mama, kaza juya ƙwai take yi! Tagar dole ta kalli sama!"

Nan Gwaggo ta bi kowa ta ɗage masa riga, ƙwai biyu-biyu a tafin hannu, manne da ciki. Babana, mamana, ita kanta, maƙwabta uku, da mijin yayarta Shihata, direban bas mai tumbi. An jera su kan tabarma kamar masu jiran allura.

"Yaya Shihata, kada ka yi dariya, cikinka girgiza yake!"

"To ki daina kallona, uwar kaji! Ni da na zo cin kifi, an mai da ni makwanciya."

Ba mai hannun ci, sai Kaka ta riƙa bi tana sa musu loma a baki, tana zagin duk wanda ya cije mata yatsa. Babana atishawa ta taso masa, mutum shida suka yi masa ihu har ta koma.

Bayan la'asar wuta ta dawo. Gwaggo ta karɓa tana ƙirgawa, sai ta tsaya kan Shihata. Ɗaya daga nasa ba taga, ja ne jawur. Awa biyar yana renon dafaffen ƙwai! Na goma sha huɗun yana cikin kwali, ya yi sanyi. Shihata ya ɓare nasa ya cinye, ya ce ai haƙƙin uwa ne.

Tara suka rayu. A bakwai daga ciki jijiyar ta bar hanyarta ta lanƙwasa wajen ƙwayar. Gwaggo ta fito da gudu, farar riga a jikinta, ta rangaɗa guɗa a bakin titi. Ba ta sake wanke kwalba ba.

Da na gama sakandare ta kai ni ɗakin binciken na leƙa madubin ƙara girma da kaina. Ina ta salati, ta kamo kunnena.

"Ke 'yar yayana, tunda ke kike riƙe labaran gida: a takardar da Dakta ta buga kan aikin sunana ne kawai, can ƙasa. In kin rubuta naki, ki jera duk cikin da ya ɗumama su. Har Shihata ki sa, shi ma ya yi zufa."