Lemun Tsami a Kan Lamba

Shekarar da agana ta shigo Wurno ina da shekara goma ko kusa da haka, ƙanena yana da huɗu. A bakin fataken albasa muka fara jin ta ɓulla Goronyo, ba a jima ba aka ce ta sauka Rabah ta kwantar da unguwa guda. A gidanmu ko sunanta ba a kamawa, sai dai a ce "ciwon nan".

Ana cikin haka mai shela ya zaga gari: Nasara ya aiko masu lamba, gobe kowa ya kai 'ya'yansa ƙofar hakimi a tsaga masu maganin agana a dantse, wanda ya ɓoye yaro dogarai za su shiga har ɗaka. To fa! Mutanen da ba su taɓa tambayar ko mun kwana da yunwa ba, yau su ne suka damu da lafiyarmu? Shekarun nan ana ɗibar samari zuwa soja da aikin kuza, wasu har yau ba a ga ƙeyarsu ba. Sai aka ce shaida ce ake yi wa yara maza kamar ta shanu, in sun girma a zo a kwashe. Mata a bakin rijiya suka ce ruwan lambar yana kashe haihuwa. Wasu suka ce ai ciwon ne da kansa suke zuba wa mutum, kuma wannan ya fi shiga kunnen kowa.

Kaka, uwar babanmu, ita ke juya gidan. Baba yana fadama, Inna tana da tsohon ciki, don haka ni aka ce in kai yaron. Da safe Kaka ta ja ni bayan rumbu, ta danƙa mini lemun tsami da ta raba biyu da toka ƙulle a tsumma. Dabarar da matan gari suka gano ke nan: in aka murje tsagar tun tana ɗanya, lamba ba ta kamawa.

"Da sun tsaga maku kak ki tsaya kallo," in ji ta. "Ki ja shi bayan ganuwa ki murje mai sai wurin ya yi jini, sannan ki murje naki. Kin ji mi nic ce?"

Na ce na ji.

Ban ga Nasara ko ɗaya a wurin ba. Mai lambar Basakkwace ne, da kaki da jar hula, kuma da gani ya san halinmu, don duk wanda ya tsaga wa sai ya ce ya zauna inuwa har wurin ya bushe, ga dogari tsaye yana gadi. Wannan ma ya ƙara mini zargi: in abin alheri ne, mi ya kawo gadi? Da aka tsaga mana mu biyu, na ce wa dogarin yaron zawo yake ji, ya kore mu da hannu.

A bayan ganuwa na matse shi tsakanin gwiwoyina, na barbaɗa toka, na matsa lemun, na murza. Yana ihu, "Yaya, zahi! Yaya, bari!" Ina ce masa ya rufe mini baki, ceton sa nake yi. Ban sake shi ba sai da dantsen ya yi ja wur. Da na zo kan nawa na dubi nasa, sai zuciyata ta karye. Ni fa tun fil azal raguwa ce wajen ciwo. Na jefar da lemun, na shafa toka a gefe-gefe, muka koma gida.

Kwana kaɗan asirina ya tonu. Dantsena ya kumbura, ya yi ƙurji mai ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Duk da haka Kaka ba ta fasa duka na da muciya ba. "Matsoraciyar banza! Kin bari sun sa maki abinsu, wa za ya ɗauke ki yanzu?" Ni ma na yarda na gama yawo, na yi ta kuka. Shi kuwa dantsensa ya warke sumul, Kaka tana nuna wa maƙwabta.

Da zafi ya tsananta agana ta iso unguwarmu. Ƙanena ya kwana uku jiki kamar garwashi, sannan ƙuraje suka feso, fuska, tafin hannu, har cikin baki. Muka ɓoye shi a ƙuryar ɗaki don kada dubagari ya kai shi bukkokin da aka kafa wa masu ciwon a bayan gari. Aka tura Inna gidansu saboda cikin. Ni ke ɗura masa kunu, ni ke kore masa ƙuda, tabarma ɗaya muke kwana. Kullum ina duba jikina ina jiran nawa, ko ƙwaya ɗaya ba ta fito ba. A nan wani tunani ya fara ci na, ina kore shi yana dawowa, don na san hannun da ya murje dantsen nan.

Ya tashi, amma idanunsa biyu sun yi fari fat. Ranar da ya fara fita tsakar gida ya yi karo da turmi, ya tsaya yana lalube, yana kira na. Mata suka cika gidan suna salati. Kaka ta kama dantsensa ta ɗaga, ta daɗe tana duba wurin tsagar, sannan ta juyo ta dube ni a gaban kowa.

"Ga abin da nika gudu," ta ce. "Dahin Nasara na. Yarinyag ga ba ta murje mai da kyau ba."

Matan suka gyaɗa kai. Har Kaka ta koma ga Allah ba ta sauya magana ba, ni kuma ban taɓa iya buɗe baki na amsa mata ba. Na murje da kyau. Wallahi tallahi na murje da kyau.