Hancin Ƙasimu Yana Nan a Kan Falwaya

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 9 ga Yuli, 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Injiniya Ƙasimu Mu'azu na Tarauni, bayan doguwar jinyar ƙirji.

Malam, kai ka bi falwayoyin garin nan da tsani, ka ɗaura na'urori arba'in masu auna gurɓatar iska, kowacce tana aiko mana da sakamako ofis babu igiyar waya. Ta Gyaɗi-Gyaɗi, wadda ke kusa da bolar da ake ƙonawa a bayan makarantar yara, kwana uku kawai ta yi sai ta daina magana. Da muka je, muka tarar an naɗe ta da tsohon zane. Inna Lami, mai gidan da ke gindin falwayar, ta ce ba za a kafa mata abin leƙen tsakar gida ba.

Ni na fara jero mata bayanin jami'a. Kai kuwa ka sauko da akwatin na'urar, ka durƙusa, ka buɗe shi a gabanta.

"Duba, Inna, ba ta da ido. Hanci gare ta."

"To me take shinshinawa?"

"Abin da jikokinki suke shaƙa."

Tun ranar unguwa ta raɗa mata suna Hancin Ƙasimu.

Da alƙaluma suka yi muni, wani kwamiti mai kishin gari ya gano bakin zaren: a mayar da na'urar cikin lambu, inda iska take da ladabi. Bolar kuwa ba su ga laifinta ba. Ka ƙi, kana tari kana ƙi. Takardarsu ta ƙarshe ta iso ranar sadakar ukunka, har da layin gaisuwa a ƙasa. Mun gode da gaisuwar.

Ga amsarmu. Na'urar ba za ta sauko ba sai ranar da aka kwashe bolar. Jiya an turo masu tsani, suka iske Inna Lami ta shimfiɗa tabarma a gindin falwayar, da carbinta. Suka gaishe ta, suka juya.

Allah Ya jiƙan ka, Malam, Ya yalwata kabarinka, Ya shaƙar da kai ƙamshin Aljanna. Hajiya Binta da yara, Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya tsare muku numfashinku. Amin.