Labarin da Ya Riga Mu Haye Ruwa

Ana shafa addu'ar asuba muka bar Yelwa, ni da abokin tafiyata, ko shayi ban tsaya sha ba, abin da iyalina za su shaida cewa ba ya faruwa sai in babban abu ya taso. Ku da kuke bibiyata a nan kun saba in na yi tafiya in dawo muku da hoton kifi da ƙorafin kuɗin mota. Wannan karon babu hoto ko ɗaya, kuma za ku ji dalili.

Aikena aka yi. Ina da taubashiya, tsohuwa kamata, a wani ƙauyen masunta da ke ƙetaren ruwa daga Wara. 'Ya'yanta uku ne suka rayu. Babban yana fataucin albasa a nan Yelwa, na tsakiya soja ne can gabas inda ake ta fama, autar kuma tana aure a Shanga da tsohon ciki. Babban ne motar kayansu ta kife da shi a hanyar dawowa daga Kudu. Aka kawo shi, muka sallace shi bayan la'asar, ana gobe za mu tashi. Uwar tana da hawan jini, don haka dangi suka zauna suka ce kada kowa ya buga waya ƙauyen, a tura mutum da ƙafarsa. In kuwa aka ce a tura mutum a danginmu, ni ake nufi. Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, shi ma rabinsa a bakin kogi na yi shi, amma da ana ba da digiri a fannin kai labarin mutuwa, da tuni sai kun cire takalmi kafin ku gaishe ni.

Aikin yana da ƙa'ida, bari in koya wa yaran zamani kyauta. Ba a faɗa wa uwa kai tsaye. Za ka yi sallama, ka sha ruwa, ka tambayi gida da kaji da ciwon gwiwa. Ka sa a kira wata dattijuwa ta zauna jikinta. Sannan ka ce wane ba ya jin daɗi. Ka bari ta haɗiye wannan. Can kuma ka ce jikin fa ya matsa. Kafin ka kai ga "sai haƙuri", zuciyarta ta sauko a hankali, kamar mai saukowa daga kan rumbu da tsani. Abin da aka aike ni yi ke nan: ta ji daga bakina, a zaune, da mutum kusa da ita.

Abokin tafiyar tawa aminin marigayin ne, tare suke saye da sayarwa, magidanci ne mai 'ya'ya. An haɗa ni da shi saboda a hannunsa marigayin ya cika, in uwar ta tambayi yadda aka yi, shi zai faɗa.

Motar da muka samu a tasha irin wadda ake tura ta kafin ta yarda ta tashi ce. Mu huɗu a baya, ni a tsakiya, da buhun gari a kan ƙafata wanda har yanzu ban san mai shi ba. Kuɗin mota kuwa, direba ya faɗa, na tambaye shi ko har da kuɗin motar kanta ya haɗa. Ya ce in tambayi gidan mai. Da muka zo wucewa ta Birnin Yauri hira ta mutu a cikin motar, kamar yadda take mutuwa a wurin a 'yan shekarun nan saboda tsoron 'yan bindiga. Kowa ya kama tasbihinsa, har da wanda ban taɓa gani a sahu ba.

Mun karya kwana mun ɗauki hanyar Ngaski ke nan wayar abokin tafiyata ta fara ƙara, ƙit, ƙit, ba ƙaƙƙautawa. Na ga fuskarsa ta canza. Na ce lafiya? Ya ce, "Baba, jiya bayan jana'iza na ɗora hotonsa da addu'a. Amma wallahi a gidan hotuna kaɗai na sa. Mutanen ƙauye ba sa shiga can, sai abokan cinikinmu na Kudu."

A nan sai in yi wa tsofaffi irina bayani. Waɗannan dandalolin na waya ni gidaje nake kiransu, ba na kiran sunayensu tunda ba sa biyana kuɗin talla. Akwai shuɗin gida, inda kuke karanta ni yanzu. Akwai koren gida, inda dangi ke aika wa juna wa'azi da barka da Juma'a. Akwai kuma gidan hotuna, na 'yan gayu. Ni a tunanina kowane gida da katangarsa. Shi ma abokin tafiyata haka ya ɗauka jiya, cikin ruɗewa. Ya manta cewa bara, da suka fara tallan albasa a waya, ya kai wa wani mai gyara wayarsa a kasuwa ya jona masa gidajen nan uku, domin in ya ɗora hoton buhu sau ɗaya ya bayyana ko'ina, ba sai ya yi ta wahala ba. Don albasa aka fasa katangar. Ta wannan kafar mutuwa ta bi.

Na ce to goge mana. Ya goge na gidan hotuna nan take. Ya duba shuɗin gida, ga shi nan daram, har mutane sun cika ƙasansa da addu'a. Ashe jonin nan hanya ɗaya yake tafiya: yana kai kaya, ba ya dawo da su. Sai ka bi gida gida ka kwashe da hannunka. Yana cikin neman inda zai danna, sabis ya ɗauke. Direba ya ce, ba tare da ya waiwayo ba, "Sai Ngaski kuma, in an yi sa'a."

Na tambaye shi su wa ke bin sa daga ƙauyen. Ya fara lissafa mini: ƙannen marigayin na ɗakin baffansa, matan da ke aiko musu da busasshen kifi, masu jirgi. Na ce ya isa. Abu ɗaya na riƙe a raina: ƙauyen ba shi da sabis sai a kan wani falalen dutse a bakin ruwa, kuma ba a cika hawansa ba sai masunta sun dawo da hantsi. Na ce wa direba ya taka. Ya nuna mini ramukan da ke gabanmu ya ce in zaɓi wanda nake so mu faɗa.

Hanyar nan ta ba ni tausayi. Damina ta yi kyau, ciyawa ta kai ƙirji, amma gonaki da dama ciyawar ce kaɗai a ciki, masu su sun gudu ko suna tsoron nisa da gari. Mun wuce wata ruga da babu ko kaza. Samari kuwa sai ka gan su uku uku a kan babur, jiki duk jar ƙasa, sun nufi ramukan zinariya. Matan Kambari ne kaɗai na ga ba su fasa komai ba, suna tafe a gefen hanya da kaya a kafaɗa, ba sa ko kallon motarmu, kuma ban ga laifinsu ba.

A Ngaski muka tsaya sauke fasinja. Na sayi ƙosai, ƙanana kamar ƙwayar magani, mai tuyar ta ce wake ne ya yi tsada, na ce ai na ga alama iska ba ta yi ba. Abokin tafiyata ya hau kan wani benci yana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Ya samu ya goge na shuɗin gida da na kore. Ya sauko yana ajiyar zuciya. Ban so in ɓata masa ba, amma tun daren jiya abin yake a waje, kuma mutanenmu ba sa ganin sanarwar rasuwa su bar ta ta kwana ita kaɗai. Kowa sai ya kwafa ya tura, yana neman lada.

A Wara muka tarar jirgi bai cika ba, kuma jirgi ba ya tashi don wani yana sauri. Ruwa ya cika maƙil, har ya shanye rumfunan masu suyar kifi na ƙasa. Aka ba ni rigar hana nutsewa wadda igiyarta ta tsinke, na rungume ta a ƙirji don kada mai jirgi ya ji kunya. Da aka tashi, yana ta kauce wa kututturan itatuwan da ke ƙarƙashin ruwa, waɗanda shi kaɗai ya san inda suke. Muna tsakiyar tafki wani bawan Allah da ke kusa da ni, wanda bai san mu ba, ya miƙo mini wayarsa. "Baba, ka ji wannan mai albasar na Yelwa? Allah ya jiƙansa, an ce ɗan ƙauyen can ne." Hoton nan ne, da addu'ar nan, har da kuskuren rubutun abokin tafiyata, amma daga shafin wani da ba mu taɓa jin sunansa ba. Na ce amin. Abokin tafiyata ya kafa wa ruwa ido har muka isa.

Tun daga bakin gaɓa na san an riga mu. Ba yara masu rige-rigen ɗaukar kaya, maza na zaune a gindin giginya ba mai gyaran komar kamun kifi. Mai unguwa ya taso ya kama hannuna ya yi mini ta'aziyya ƙasa ƙasa. Ya ce tun hantsi labari ya sauko daga kan dutse, gari duk ya ji, amma ya hana kowa faɗa mata, tunda an san za a turo dattijo daga Yelwa. Na fara yi masa godiya. Ya ce in dakata. Wata mai sayen kifi daga wani gari, da ta gani a wayarta, ta shiga gidan da safe kafin a tare ta, ta durƙusa ta ce, "Inna, ya haƙuri?" Tsohuwa ta ce haƙurin me? Matar ta ga idanun maƙwabta, ta gane, ta ce haƙurin zaman duniya, ta tashi ta fice ko kwandonta ba ta ɗauka ba.

Kowa ya san ba a yi wa mutum wannan gaisuwa sai an yi masa mutuwa. Tun daga lokacin take kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Duk mai waya da ta kira sai ya ce ba caji. Duk matar da ta tambaya sai ta ce ba ta ji komai ba, hawaye na zuba. Sun yi biyayya ga al'ada, sun jira ni.

Na shiga na same ta a ƙofar ɗaki, zaune a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, mata sun kewaye ta daga nesa. Shekara da shekaru ban taɓa shiga gidan nan ba tare da na tsokane ta ba, ita ma ba ta taɓa barin in zauna ba sai ta ce tsohon banza ya zo cin kifin kyauta. Na yi sallama. Na buɗe baki zan tambayi gida da ciwon gwiwa.

Ta ce, "Yaya, bar gaisuwar nan. Wanne ne?"

Na ce a kawo ruwa tukuna.

"Sojan ne? Ko yarinyar ce wajen haihuwa? Don girman Allah wanne ne?"

Duk matakalar da na kwashe shekaru ina sassaƙawa, babu wadda ta yi amfani. Na ce, "Babban ne."

Ta yi salati. Ɗan fari ne, ko sunansa ba ta taɓa kira ba, kuma ba ta yi kururuwa ba. Sai ta ce, "Shi ban ma sa shi a gaba ba. Tun safe na binne uku. Ka dawo mini da biyu."

Amma ba ta yarda da biyun ba sai ta ji da kunnenta. Ta ce garin da ya iya yi mata ƙarya tun hantsi zai iya ƙarawa. Haka aka riƙe ta aka hau da ita falalen dutsen nan, da rana tsaka, ana zaman makoki a gidanta ita tana can. Abokin tafiyata ne ya riƙa buga mata. Ta samu autar, suka yi kuka tare. Lambar sojan ta ƙi shiga. Ta ƙi sauka. Aka kawo tabarma aka riƙe mata a kai saboda rana, ana bugawa ana sakewa, sai dab da magariba aka ji muryarsa tana yankewa. Abokin tafiyata ya so ya durƙusa ya faɗa mata cewa daga wayarsa abin ya fito. Na ja masa riga. Wannan nauyin nasa ne, ba a ƙara wa tsohuwa kaya a ranar.

Mun zauna har aka yi addu'ar uku, sannan muka kamo hanya. Jinin nata ya hau, wani ma'aikacin lafiya daga Wara ya zo ya duba ta, muka baro ta tana shan kunu da ƙyar. Dawowa ba abin labari, ramukan nan dai suna nan inda muka bar su. Muna shiga Yelwa abokin tafiyata ya wuce kasuwa wajen mai gyara a raba masa gidajen. Ni ma na miƙa wayata aka duba, ashe ni ma a jone nake, ban san ranar da aka ɗaura mini wannan aure ba. Na sa an raba.

Abin da na koyo ba shi da yawa, daidai karatuna. Ku da kuke jona gidaje don talla, ku sani kafar ba ta tambayar abin da ke wucewa ta cikinta. Kafin ka ɗora hoton mamaci, ka tambaya ko uwarsa ta ji, ladan ba zai tsere ba. Ni kuma na gane cewa sana'ata ta canza. Yanzu ba na isa gida in tarar ba a sani ba, sai dai in tarar an san rabi, kuma rabin ya fi duka ciwo. Saboda haka in kuka ga na shigo gidanku ban tsaya shan ruwa ba, ban tambayi kaji ba, na kira sunan mamacin tun daga bakin ƙofa, kada ku ce tsoho ya rasa tarbiyya.