Abin da ke numfashi a rumbun Goggo

Mun tashi daga Kabuga ana shafa addu'ar asuba, mu shida a motar da aka ƙera don mutum huɗu. Ni na samu gaba, rabina a kan kujera rabina a kan giya, duk sanda direba zai canza sai na ɗaga masa cinya. Kuɗin mota zuwa Gwarzo ya kusa ninka abin da na biya a zuwana na ƙarshe. Da na yi ƙorafi, direban ya ce in sauka in kai ƙara gidan mai. Ban sauka ba. Ranar Alhamis ce, kuma washegari bayan sallar Juma'a za a sa goggona ta tsallake yaron maƙwabta a gaban jama'a.

Masu bibiyar shafin nan sun san haukan da nake yi a kan tsuntsaye. Idona ba ya gani daga nesa, don haka da kunne nake koyo. Akwai shafuka a intanet inda mutane daga ƙasashe daban-daban suke ɗora kukan tsuntsayen da suka naɗa, kowanne da sunan wurin da aka ɗauke shi. Wahalar ita ce babu sunan Hausa ko ɗaya, sai ka bi hoto ka gane cewa wannan mai dogon sunan ashe cilakowa ce. Na fi shekara ina sauke su da datar ofis ina saurara a hanyar gida. Matata ta ce ta ga masu kashe data a kan ƙwallo da masu kashewa a kan wa'azi, amma mai sayen data don ya ji kukan kurciya, ga ta nan kyauta a kan katanga, ni kaɗai ta sani.

Goggo ƙanwar mahaifina ce. Mijinta ya rasu, ba ta da ɗa a raye, tana zaune ita kaɗai a wani ƙauye a yankin Masanawa, sana'arta daddawa. Ranar Talata ɗan baffana da ke Gwarzo ya turo mini saƙon murya. Ya ce yaron maƙwabcinta ya kwana takwas yana zazzaɓi yana firgita, kuma kullum da magariba ana jin wani abu yana numfashi a tsohon rumbunta, kamar mutumin da aka shaƙe. An ce kurwar yaron ce ta kama ta ɓoye a ciki. Ya je, ya tsaya bayan danga ya naɗo mini sautin. Na saurara sau uku, na buɗe ajiyata na samo irinsa. 'Ya'yan farar mujiya ne suna kiran uwarsu ta kawo abinci. Har dariya na yi a ofis, na ga abin mai sauƙi ne: in je, in kunna, kowa ya ji, a watse.

Hanyar Gwarzo ba cunkoso kamar da. Ƙarshen kaka ne, an gama girbi, amalanken shanu sun fi motoci yawa, kowanne da dammunan dawa har suna share ƙasa. 'Yan bumburutu sun jera kwalabe a bakin titi, kuma na lura yanzu har da 'yar ƙaramar kwalbar rabin lita. Duk gangara direbanmu sai ya kashe inji mu sulale shiru, wani dattijo a baya yana ta salati. Bayan Rimin Gado an tsayar da mu sau biyu, aka leƙa, aka gaisa da direba gaisuwar da aka saba, muka wuce.

A Gwarzo na tarar da ɗan baffana ya dawo daga gonarsa ta Madadi yana jirana. Muka karya da koko da ƙosai a bakin tasha. Ƙosan ya ƙanƙance har sai ka haɗa biyu kafin bakinka ya san an sa masa wani abu. A nan ya gaya mini abin da bai faɗa a waya ba: tun ranar Litinin babu wanda ya sayi daddawar Goggo, mata sun hana 'ya'yansu bi ta ƙofarta, kuma samari sun ce in ta ƙi tsallakewa za su cinna wa rumbun wuta. Rumbun kuwa a jingine yake da ɗakin da take kwana. Idan ta tsallake, ta amsa cewa ita mayya ce, kuma ba za ta ƙara zama cikin mutane ba har ta mutu. Na ajiye kofin kokon ban shanye ba.

Muka zuba mai a babur ɗinsa muka kama hanyar Kabo, daga baya muka saki kwalta muka shiga burtali. A wani kwari na ji tsuntsun nan ragon maza yana kukansa, irin na ruwa ana tsiyaye shi daga gora, can kuma makwarwa ta amsa daga cikin karan dawa. Da wata rana ce da na sa an tsaya. Ranar dai sunayensu kawai na ambata a zuci, ina taɓa aljihu in ji ko ƙaramar lasifikata na nan.

Mun isa bayan azahar. Mutanen da ke zaune a gindin darbejiya sun amsa sallamarmu, amma babu wanda ya ɗora da ina gajiya. Goggo tana zaune a tsakar gida tana ɓarar kalwa, ta rame fiye da yadda na san ta. Ta gaishe ni doguwar gaisuwa, ta tambayi matata da yara ɗaya bayan ɗaya da sunayensu, ta dama mana fura ba nono. Na ce mata ta kwantar da hankalinta, na zo da hujja a aljihu. Ta dube ni, ta dubi aljihun, ta ci gaba da ɓarar kalwarta.

Bayan la'asar muka je wurin liman. Dattijo ne mai sanyin magana, kuma na gane shi ma abin ya dame shi. Ya ce tun farko ya gaya musu cewa jifan mutum da maita ba tare da shaida ba ƙazafi ne, in aka je gaban alƙali mai zargin ne zai sha bulala. Amma mutumin da ɗansa ke kwance ba ya jin karatu, kuma sautin kowa ya ji shi da kunnensa. Liman ya aika aka kira mahaifin yaron, kafin ka ce me ƙofar zauren ta cika.

Na miƙe na yi bayani kamar ina gaban aji. Na haɗa waya da lasifika na kunna. Hucin nan ya fito, dogo, mai kama da minshari, sak wanda suke ji kullum. Na ga na gaba sun ja da baya, wata mata daga can ta fara kiran sunan Allah. Wani saurayi ya ce ai na rumbun ne na naɗo. Na nuna masa fuskar wayar, na ce wannan a wata ƙasa mai nisa aka ɗauke shi, shekaru da suka wuce, inda babu Goggo babu daddawa. Sai na kawo maganar da nake ganin ita ce za ta kashe wutar: na ce ba kurwar kowa ba ce, 'ya'yan mujiya ne.

Mahaifin yaron, dogon mutum mai jajayen idanu saboda rashin barci, ya yi magana a hankali.

"To ai ka faɗa da bakinka. Mujiya. Duk gidajen garin nan, me ya sa sai nata?"

Na kwashe kwana biyu ina shirya wannan bayani, kuma ko sau ɗaya ban tuna abin da mujiya take nufi ga mutanen da na taso a cikinsu ba. Na zauna da waya a kunne har na manta cewa a wurinmu ba tsuntsuwa ce kawai ba. Na zo in wanke Goggo, na ƙara mata wani kayan. Surutu ya tashi, na ji ana cewa ba sai an jira gobe ba, na ga samari biyu sun zame daga bayan taron. Ɗan baffana ya raɗa mini cewa zai je ya tsaya a ƙofar gidanta, ya tafi da sauri. Liman ya ɗaga hannu ya ce rana ta faɗi, babu wanda zai yi komai sai an yi sallah.

Ladan ya kira sallah da bakinsa, don janareton masallaci ya daɗe a rufe da buhu tunda mai ya yi tsada. Tsoho ne mai ciwon ƙirji, yana gama kiran ya tsaya a bayan liman yana haki. Na shiga sahu na biyu. Ina neman gafarar Allah, amma ban san surar da aka karanta ba. A raka'a ta uku, da liman ya yi shiru, na ji wani abu. Huci ne siriri, ba mai ƙarfi kamar na rumbun ba, yana zuwa yana ɗaukewa. Da farko na ɗauka numfashin ladan ne, kamar yadda na tabbata kowa ya ɗauka. Amma shekara guda ina koya wa kunnena abu ɗaya: kafin ka ce mene ne, ka fara sanin daga ina yake fitowa. Ladan yana gabana. Wannan kuwa daga sama yake, ta kusurwar gabas, cikin silin.

Ana sallamewa na rarrafa wurin liman na roƙe shi arziki ɗaya: kada kowa ya tashi, kowa ya yi shiru, ladan kuma ya ɗan fita waje. Na san in na yi kuskure a karo na biyu, ni da Goggo duka mun shiga uku. Liman ya dube ni ya daɗe, sannan ya yi wa ladan alama. Tsohon ya fita yana gunaguni. Muka zauna. Babu komai. Wani ya yi tari, wani ya yi tsaki, na ji gumi yana gangara ta bayana. Sai ga shi ya dawo, shhhh, a saman kawunanmu, wani ma ya amsa masa.

Aka kawo tsani da fitila. Mahaifin yaron da kansa liman ya ce ya hau, don kada a ce an shirya. Ya ɗaga allon silin ya haska, ya tsaya a haka ba motsi. Da ya sauko ya ce 'ya'yan mujiya ne guda huɗu, farare, da ɓera guda a gefensu. Ladan daga bakin ƙofa ya ce ai shi shekara da shekaru yana share dunƙulen gashi da ƙashin ɓera a bayan mihrabi, bai taɓa tambayar daga ina suke faɗowa ba.

Liman bai ɗaga murya ba. Ya ce, "In mujiya a rufi ita ce shaidar maita, to ni ne mai wannan ɗaki shekara talatin. Gobe bayan Juma'a sai a fara da ni, in tsallake yaron."

Mahaifin yaron ya zauna a bakin tabarma ya rufe fuska da hannu, sai a lokacin na ji tausayinsa ya kama ni. Ya ce ba shi da abin kai shi asibiti, shi ya sa. Kafin isha'i ɗan baffana ya ɗauke su a babur, uban a baya rungume da yaron, suka nufi Kabo. Ba zan ce kowa ya gamsu ba, na ga waɗanda suka fita suna ƙus-ƙus. Amma babu wanda ya je kusa da rumbun. Da zan fita liman ya riƙe hannuna ya ce Allah Ya yi albarka, sannan in je in sake magaribata, don wadda na yi kunne ne ya yi ta, ba ni ba.

Da safe Goggo ta ɗumama mini tuwo da miyar kuka mai daddawar da ta rasa mai saye. Ina ci ina ba ta labari da ɗan alfahari, har na ciro waya zan nuna mata hoton tsuntsuwar. Ta ce in bar shi.

"Na gan su tun suna ƙwai," in ji ta. "Biyar ne nawa. In na ce mujiya ce, ka dai ga abin da ya faru da ka faɗa. Da akwai hatsi a ciki ina buɗe shi kullum, da ba ta samu wurin zama ba. Damina biyu ke nan ba a zuba masa komai ba."

Ba da faɗa ta faɗa ba, tana ma kore kaji ne. Amma na san lissafin. Damina biyu ke nan da na daina aiko mata da taki da kuɗin noma, na ce abubuwa sun yi tsada, kuma damina biyu ke nan rabona da ƙauyen. Kunya ta hana ni ƙarasa tuwon. Na ce mata ina komawa zan aiko da dawa a cika rumbun. Ta ce a kawo, amma a ajiye mata a ɗaki, kada a taɓa rumbun sai 'ya'yan sun yi fiffike sun tashi.

Na dawo ta Kabo, na leƙa asibiti na tarar an sa wa yaron ruwa, zazzaɓin cizon sauro ne, har ya fara neman shayi. Na iso Kano da la'asar, matata ta tambaye ni ko tsuntsun da nake zato ne, na ce shi ne. Abin da tafiyar nan ta koya mini ba mai yawa ba ne. Sanin sunan abu daban, sanin yadda mutane za su ji shi daban. Na kuma gane cewa na iya tantance kukan tsuntsuwar da aka naɗa a wata ƙasa, amma duk sanda na kira Goggo a waya ta ce lafiya lau, ban taɓa jin yunwar da ke cikin muryarta ba.