Layin da Ba Ya Tsalle

Lokacin da ake awon hanyar jirgin ƙasa daga Tsafe zuwa Gusau, ni ke rubuta wa Baturen awo tsayin ƙasa a kowane turke. Na iya boko kaɗan, shi kuma ya iya Hausar littafi. In mun tashi aiki sai ya haɗa ɗigogin a takarda, ya ja layi guda, ya ce ga ƙasar nan.

Wata rana kusa da Mada na tambaye shi, tsakanin turke da turke fa, wa ya auna? Ya ajiye fensir yana murna kamar na kawo masa albishir. Ya ce a kafa turke a tsakiya, sannan a tsakiyar tsakiya, haka ba iyaka. In dai layi ba ya tsalle, wato ba a ɗaga hannu wajen jansa, waɗannan turakun sun isa a san shi duka. Saboda haka, in ji shi, duk layukan da za a iya ja ba a ɗaga hannu ba, yawansu daidai yake da ɗigogin da ke jikin zare taki ɗaya. Kowane layi da ɗigonsa, ba saura. Masu tsalle kuwa sun fi haka yawa nesa. Na ce to, na ɗauki littafina muka wuce turke na gaba.

Da aka ba mu hutu na je rugar kawuna, makiyayi ne a wajen Kekun Waje. Na tarar yana tufkar igiya, na kwashe labari na faɗa masa.

"Shi Baturen ya ƙidaya su?"

"A'a, Kawu. Ya ce ba su ƙidayuwa. Haɗa su ake ɗaya da ɗaya."

"Wannan ai ba sabo ba ne. Ni ma ban ƙidayar maruƙa. In na ɗaure su ga dangwali, kowane ya samu madauki, ba madaukin da ya rage, sun cika." Ya nuna wajen maruƙan. "Amma nawa ga su can. Nashi layukan suna ina?"

"Ba a ja su ba tukuna."

"Allah shi ba shi lafiya," in ji Kawu.

Da na koma na faɗa wa Bature, sai ya ce lallai sai ya ga mutumin nan. Muka hau dawaki har Bungudu, muka ƙarasa ruga da hantsi. Ya tsugunna gaban doguwar igiyar maruƙan, ya daɗe yana kallonta, sannan ya cire hula ya ce in gaya wa Kawu manyan masana a ƙasarsu sun sha wahala kafin su gane wannan. Kawu ya ce ya jajanta musu, ya sa aka kawo masa nono.

Da za mu tafi Kawu ya ja ni gefe, ya tambaye ni ko mutumin yana da iyali masu kula da shi. Na ce ban sani ba. Ya ce in riƙa tuna masa ya ci abinci.