Shafin da Baba Ya Ce Babu Gyara

Shekarun baya, lokacin da nake koyon aiki a wani shagon buga takardu a Kazaure, mahaifina ya ba ni wani aiki da har yau bai fita daga raina ba.

Baba malamin lissafi ne. Ya koyar a Ɓaɓura, ya koyar a Gwiwa, daga baya ya yi ritaya ya dawo gida Roni. Ni kuwa ɗansa na fari, in aka zo batun lissafi sai dai a rufa mini asiri. Da ƙyar da jiɓin goshi na haye jarrabawa.

Ciwon sukari ne ya taɓa masa ido. Likita a Kano bai ɓoye masa ba, ya ce ganin ba zai dawo ba, raguwa ma zai riƙa yi. Da ya dawo gida sai ya fito da takardun darasinsa na kalkulas, wato lissafin da ke auna saurin canjin abu, wanda ya daɗe yana yi wa ɗalibai bayaninsa da Hausa. Ya ce, "Kai, ka buga mini wannan a kwamfutarku ya zama ɗan littafi. Ina so in duba shi da idona tun ina iyawa."

Na ce ai wannan abu mai sauƙi ne. Na zauna na zuba masa shafuka, duk inda na ga alamar nan sai in buga dy/dx a jere, kamar ina rubuta kwanan wata. Ƙarshen mako na kai masa Roni ina ta jin kaina. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar zaure inda hasken hantsi ke faɗowa, ya zaro jan bironsa. Bai gama shafin farko ba ya ɗago.

"Wannan mene ne?"

Na ce, "Abin da ka rubuta ne, Baba."

"A haka na rubuta? Ni dy na sa a sama, dx a ƙasa, layi a tsakaninsu. Yaron da ke Gwiwa ba shi da wanda zai tambaya. Abin da ya gani a takarda shi zai kwafa a jarrabawa. Je ka sake."

Haka na koma na fara lalube, har na gano wani sashe a manhajar rubutu da ake kira ikweshon edita. Kana dannawa sai ya fito maka da ƙananan akwatuna, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, kai kuma ka bi su kana cikewa. Aiki ne mai cin rai. Layin da Baba zai rubuta a allo kafin ka ƙifta ido, ni sai in yi ta fama da shi har a kira sallah. Ga masu kawo takardun neman aiki suna jira, ga wuta tana ɗaukewa.

Kuma ba a taɓa tsira daga jan biron nan ba. Akwai alamar da ke ɗauke da ƙaramin biyu sama da ƙasa. A sama biyun yana kan d, a ƙasa kuma yana kan x. Ni da basirata sai na ga bai dace ba, na mayar da na saman kan y don su yi daidai. Baba ya yi dariya har da tari, ya ce, "Yau ga wanda zai gyara wa masu lissafi lissafinsu." Wani lokaci kuma ɗan ɗigon da ake ɗora wa harafi ne na manta, ko wata 'yar sanda da ake maƙala wa f. Ko shafi ɗaya bai taɓa dawo mini da shi fari ba. Ina jin haushi, ba zan ɓoye ba.

A hankali ya fara matso da takarda kusa da fuska. Na ƙara girman rubutun. Bayan wani lokaci na sake ƙarawa, har ya zama lissafi ɗaya kan cinye rabin shafi. Ba mu taɓa yin zancen idon nasa ba, ni da shi. Ina dai ƙara sauri, shi kuma yana ƙara daɗewa a kan kowane layi.

Muna cikin babin ƙarshe na kai masa wasu shafuka. Ya ɗauki na farko ya daɗe yana kallo, ya miƙo mini ya ce, "Wannan ya yi. Babu gyara."

Wallahi daɗi ya kama ni kamar yaro. Na karɓa ina murmushi, na kai ido kan shafin, sai murmushin ya tsaya. Ashe wuta ta ɗauke mini a tsakiyar wannan lissafin, da ta dawo na buga ban lura ba. Ga dy a sama ƙato, ga layi, ƙasansa kuwa wayam, babu komai.

Na ce, "Baba, ka duba da kyau?"

"Na ce maka ya yi."

Na sake kallon shafin. Can ya ce, a hankali, "Me ya rage?"

"Ƙasan babu komai, Baba."

Ya gyaɗa kai. Ya laluba murfin biron a kan tabarma, ya rufe, ya miƙo mini. Ya ce, "To daga yau kai za ka karanta, ni in saurara." Mahaifiyata tana tsaye da kwanon fura za ta kawo masa, sai ta juya ta koma ciki.

Haka muka ƙarasa. Ina karantawa, "d da biyu a kansa, sai y, a ƙasa d, sai x da biyu a kansa," shi kuma yana cewa na'am, ko ya ce sake. Da aka ɗinke littafin na kai masa, ya riƙe yana shafa bangonsa, ya tambaye ni ko dy da dx duk suna tsaye ɗaya a kan ɗaya. Na ce suna tsaye. Malamai a Roni da Gwiwa sun yi ta kwafarsa, amma shi Baba bai ga ko shafi ɗaya ba. Bayan wasu shekaru Allah ya karɓi abinsa. Allah ya jiƙansa da rahama.

Yanzu ina da shagona, kuma duk mai takardar lissafi wurina ake turo shi, ni da aka sani da tsoron lissafi. Mutane kan ce aikina ya yi kyau, in yi godiya. Amma tun ina yaro nake jiran ranar da Baba zai dubi aikina ya ce babu gyara, kuma sau ɗaya ya faɗa. Da za a ba ni zaɓi, na fi so a ce ranar ya cika shafin da ja, ya wurgo mini, ya ce in je in sake.